Zanen Halittun Allah: Tsakanin Halasci da Amana

Zana abin da ido ya gani na daji da ruwa da dabba yana cikin tsofaffin sana'o'in ɗan'adam, ya girmi rubutu da dubban shekaru. A ƙasar Azbin ta Jamhuriyar Nijar, a wani wuri da ake kira Dabus, kimanin kilomita 110 arewa da Agadas, akwai surar raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse. Babban ya haura mita 5, masana kuma na ƙiyasta cewa aikin ya kai shekara 6,000 ko fiye. Yau babu raƙumin dawa a wannan yanki, babu ma dajin da zai riƙe shi. Ragowar irinsa a Afirka ta Yamma suna can kudu a kewayen Kure, kusa da Yamai, inda yawansu ya taɓa sauka zuwa kimanin 50 a tsakiyar shekarun 1990 kafin kariya ta sa su haura 600. Wanda ya sassaƙa dutsen Dabus ya bar wa na baya shaidar cewa Sahara ta taɓa zama ƙasar ciyawa da itatuwa.

A wannan zamani tsohuwar sana'ar ta sami sabon dalili. Masu zane da fenti da masassaƙa da masu ɗaukar hoto da dama sun mayar da aikinsu kan sare daji, malalar ɗanyen mai, narkewar ƙanƙara da ƙafewar tabkuna, gidajen baje koli kuma suna ware musu zauruka. Wannan ya tayar da tambayoyi biyu ga mai imani da mai tunani. Ta farko tsohuwa ce: shin ya halatta mutum ya kwaikwayi surar abin da Allah Ya halitta? Ta biyu ta fi wuya, kuma ba a cika yin ta ba: in ya halatta, wane hakki ne abin da aka zana yake da shi a kan wanda ya zana shi da wanda ya rataye zanen don jama'a su gani?

Malaman Musulunci sun daɗe da amsa ta farkon. Hadisai ingantattu sun yi gargaɗi mai tsanani ga masu surantawa, malamai kuma suka fitar da dalilai biyu daga cikinsu. Ɗaya shi ne gasa da Mahalicci, wato mutum ya ƙera surar mai ruhi kamar yana cewa shi ma zai iya. Ɗayan shi ne toshe ƙofar shirka, domin an ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu asalinsu mutanen kirki ne da aka kafa musu abin tunawa, da zamani ya yi nisa ilimi ya gushe sai aka shiga bauta musu. Amma daga ɗan Abbas ɗin ne kuma sauƙi ya zo. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya zo ya gaya masa da zanen surori yake cin abinci. Ɗan Abbas ya sanar da shi gargaɗin Manzon Allah (SAW), mutumin ya firgita ƙwarai, sai ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da duk abin da ba shi da ruhi. A kan wannan jumhurun malamai suka tafi: itace da dutse da kogi da gajimare babu laifi a zana su. Mujahid ne aka ruwaito ya ƙi zana itace mai 'ya'ya, Alƙali Iyal kuma, mai littafin Ashafa, ya ce ba a san wani da ya faɗi haka ba bayan shi.

Saɓanin yana kan dabba da mutum. Imam Nawawi na mazhabar Shafi'iyya ya haramta surar duk mai ruhi, mai inuwa ce ko shimfiɗaɗɗiya a takarda. Malikiyya, wadda ita ce mazhabar ƙasar Hausa, ta rarrabe. A bayanin malamanta na baya irin su Shaihu Ahmad Dardir, abin da ya haramta shi ne mutum-mutumi mai inuwa na mai ruhi wanda gaɓoɓinsa suka cika. Wanda aka zana a bango ko takarda makaruhi ne, in kuwa yana jikin abin da ake takawa kamar shimfiɗa, barinsa ne kawai ya fi. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamai tun daga Sakkwato har Damagaram, ta karhanta surori a jikin gadaje da bangaye da zobe, ta cire zanen da ke jikin tufa daga wannan hukunci, tare da cewa barinsa ya fi kyau. Da na'urar ɗaukar hoto ta zo, Muftin Masar Shaihu Muhammad Bakhit Almuɗi'i, wanda ya rasu a 1935, ya rubuta cewa hoto tsare inuwar abin da ke nan ne kawai, don haka ba ya shiga hanin. Wasu kamar Shaihu Abdul'aziz bin Baz sun hana hoton mai ruhi sai da lalura.

Wannan hukunci ne ya tsara fuskar adon Musulmi. Masallacin Banu Umayya na Dimashƙa, wanda Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya gina a farkon ƙarni na 8, an lulluɓe bangayensa da ƙananan gilasai masu launi da ruwan zinare, an fitar da kogi yana gudana a ƙarƙashin manyan itatuwa, da gidaje da fadoji a bakinsa, babu mutum ko tsuntsu ko ɗaya a ciki. Har yau masana na jayayya ko kogin Barada na Dimashƙa aka zana ko kuwa Aljanna ake nufi. Ƙubbatus Sahra ta Ƙudus, wadda aka kammala wajen 691, cike take da ganyaye da rassa. Haka furannin da ke jikin tayil na masallatan Santambul da waɗanda aka dasa da duwatsu masu launi a marmarar Taj Mahal. Maginan Zariya da Kano da Damagaram sun bi wata hanyar kusa da wannan, suka ƙawata fuskar gidaje da dagi da layuka masu sarƙewa. Ke nan Musulmin da ya ɗauki alƙalami ya zana kuka ko fadama ko tudun yashi yana da magabata masu yawa, babu mai cewa ya zo da baƙon abu.

Inda igiyar ta ɗaure shi ne, zanen da ya damu da muhalli ba ya iya kauce wa dabba gaba ɗaya, tun da ɓacewar dabbobi na cikin manyan ɓarnar da ake magana a kai. Sarki Jahangir na daular Mugal ta Indiya, wanda ya yi mulki daga 1605 zuwa 1627, yana da wani gwani a fadarsa, Ustaz Mansur, wanda yake sa shi zana duk tsuntsu ko dabba ko furen da ya ba shi mamaki. Cikin zanen da ake danganta masa akwai na wani tsuntsu maras tashi na tsibirin Morishiyos da Turawa suka laƙaba wa suna dodo. Kafin ƙarni na 17 ya ƙare tsuntsun ya ƙare daga doron ƙasa, zanen kuma, wanda ke ajiye a birnin San Fitasbag na Rasha, yana cikin 'yan kaɗan da masana ke jin an yi su ne ana kallon tsuntsun da ransa. Wanda ya bi ra'ayi mai tsauri yana da hujjarsa, ba a raina shi ba. Sai dai rarrabewar Malikiyya, da sauƙin da malamai da yawa na zamani suka yi a kan hoton koyarwa, sun bar fili ga zanen da manufarsa adana sani ko faɗakarwa, matuƙar ba mutum-mutumi ba ne kuma ba a ɗaukaka shi ɗaukakar girmamawa.

Masu falsafa sun zo wa al'amarin ta wata ƙofar. Aflatun na Girka ya ƙasƙantar da mai zane: a wurinsa akwai hakikanin abu, akwai kafintan da ya ƙera gado bisa wannan hakika, sannan mai zane da ya kwaikwayi gadon kafinta, don haka shi ne mafi nisa daga gaskiya. Bajamushe Hegel, wanda ya mutu a 1831, ya juya maganar. Ya ce kyawun da hannun mutum ya yi ya ɗara kyawun daji da dutse, domin tunani ne ya haife shi. Duka biyun ba su gamsar ba. Na farko ya mai da zane ƙarya tun daga tushe, na biyu kuma ya ɗora mai kwaikwayo sama da abin da ya kwaikwaya, wanda shi ne ainihin girman kan da hadisai suka yi gargaɗi a kai.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya fi su kusa da gaskiya. A littafinsa na Ihya'u, a babin tuntuntuni, ya yi mamakin mutumin da zai ga surar da wani gwani ya zana a bango ya tsaya yana yaba ƙwarewarsa, alhali ya san fenti ne da alƙalami, amma ya wuce ta gaban mutum mai rai da aka halitta daga ɗigon ruwa ba tare da ya girmama Mahaliccinsa ba. Tsawatarwa ce ga gafalallu, amma a cikinta akwai bayanin amfanin zane. Sabo yana makantar da ido. Mutum zai yi shekara 20 yana wucewa ta gindin tsamiyar ƙofar garinsu bai taɓa lura da yadda rassanta suka rarrabu ba, ranar da ya gan ta a takarda sai ya tsaya. In wannan tsayawar ta mayar da shi ga tsamiyar, ya dube ta da sabon ido, ya tuna Wanda Ya tsirar da ita, zanen ya yi aikinsa. In kuwa ta tsayar da shi a kan takardar da sunan gwanin, to tsawatarwar Gazali ta same shi. Wannan shi ne ma'aunin farko da ya dace a auna irin wannan fasaha da shi.

Akwai wani haɗari da ya kamata a ambata, domin rashin ruhi bai hana a bauta wa itace ba. Uzza ta Larabawan jahiliyya itatuwa ne a kwarin Nakhla, littafin Tarihin Kano ma ya ambaci Tsumburbura, wadda mazauninta itace ne da aka kewaye da katanga a zamanin Barbushe. Wasu daga cikin masu fasahar muhalli na yau suna magana a kan ƙasa kamar wata uwa abar bauta. Musulunci ya ba halittu matsayi babba ba tare da ya kai su can ba. Alƙur'ani ya bayyana cewa komai yana tasbihi ga Allah, a suratul An'am ya kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi irin mutane, a suratur Rahman ya yi umarni kada a ƙetare ma'aunin da aka kafa, a suratur Rum kuma ya jingina ɓarnar da ta bayyana a tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata. Abin da ke tasbihi yana da alfarmar da ta hana a wulaƙanta shi, amma shi ma bawa ne. Daga nan tambaya ta biyu ta taso, tambayar amana.

Cewa hoto yana da ƙarfi ba abin musu ba ne, gani ya kori ji. A 1871 wata tawagar bincike ƙarƙashin Ferdinand Hayden ta shiga yankin Yellowstone na Amurka tare da mai zane Thomas Moran da mai ɗaukar hoto William Henry Jackson. An nuna wa 'yan majalisa abin da suka dawo da shi, a ranar 1 ga Maris 1872 kuma Shugaba Ulysses Grant ya sa hannu a dokar da ta keɓe wurin, gandun daji na ƙasa na farko a Amurka. Majalisa ta sayi babban zanen Moran a kan dala 10,000. Amma labarin yana da ɗaya gefen. An gabatar da yankin a matsayin daji da ba na kowa ba, alhali ƙabilun asali irin su Shoshone sun yi dubban shekaru suna farauta da zama a cikinsa, kuma ba a daɗe ba aka fitar da su. Zanen da ya ceci itatuwa da maɓuɓɓugai ya taimaka wajen share mutanen wurin daga tunanin jama'a. Duk mai zana daji ya goge makiyayi da manomi da masunci don hotonsa ya fi tsabta, ya faɗi rabin gaskiya, rabin da ya bari kuma shi ne wanda ya shafi hakkin bayin Allah.

Matsala mafi zurfi ta zo ne lokacin da abin da ake zanawa ɓarna ce. Sebastião Salgado, ɗan Birazil da ya rasu a 2025, ya ɗauki hotunan yunwar Sahel a 1984 da 1985 a ƙasashe irin su Mali da Habasha da Sudan, sannan rijiyoyin man Kuwait da ke ci da wuta a 1991. Hotunansa baƙi da fari ne masu tsananin kyau, kyawun ne kuma ya jawo masa suka. A 1991 marubuciya Ingrid Sischy ta rubuta a mujallar New Yorker cewa ƙawata masifa yana kashe zafinta, ya mai da mai kallo mai sha'awa kawai. Sukar tana da gaskiya a cikinta. Man da ya malale a kan ruwa yana ba da launuka masu ɗaukar ido, ana iya rataye hotonsa a falon attajiri ba tare da ya hana kowa barci ba. Amma in aka bi sukar har ƙarshenta, sai a ce mummunan abu sai da mummunan aiki za a nuna shi, wannan kuwa ba ya tsayuwa. Hoton da ba a ƙware a ɗaukarsa ba babu mai tsayawa ya kalle shi, wanda abin ya shafa kuma ya cancanci a nuna shi da mutunci da gwaninta.

Hanyar warware wannan tana cikin fahimtar shari'a game da shaida. Ƙarshen suratul Baƙara ya hana ɓoye shaida, hadisi kuma ya lissafa shaidar zur cikin manyan zunubai. Mai ɗaukar hoton ɓarna mai ba da shaida ne, abin da ake nema a wurin mai shaida kuwa shi ne ya faɗi inda abin ya faru da lokacin da ya faru da wanda ya same shi, kada ya ƙara kada ya rage. Fasahar harshensa ba aibi ba ce matuƙar ba ta rufe waɗannan ba. George Osodi, ɗan Nijeriya, ya yi shekaru daga 2003 zuwa 2007 yana ɗaukar hotunan yankin Neja Dalta: harshen wutar iskar gas da dare, mata na shanya garin rogo a zafinta, ruwan da mai ya baƙanta. An nuna su a babban baje kolin documenta na birnin Kassel a Jamus a 2007. Hotunan suna da kyau, amma mutanen suna ciki, wurin kuma sananne ne. Da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta kan ƙasar Ogoni a 2011, inda ta ce gyaran ɓarnar na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, alƙaluman sun tabbatar da abin da ido ya riga ya gani.

Sai kuma abin da aikin kansa yake ci. John James Audubon, wanda littafinsa na tsuntsayen Amurka mai zane 435 ya fito tsakanin 1827 da 1838, harbe tsuntsayen yake yi, ya ɗaure su da waya a tsayuwar da yake so, sannan ya zana. A Disambar 2015, lokacin taron sauyin yanayi na Paris, mai fasaha Olafur Eliasson da masanin duwatsu Minik Rosing sun ɗauko manyan curin ƙanƙara 12, kimanin tan 80, daga tekun Girinlan, suka jera su a wani dandali na birnin don mutane su taɓa su suna narkewa. An lissafa cewa jigilar ta fitar da kimanin tan 30 na iskar kabon, wato irin hayaƙin da aikin ke gargaɗi a kai. Masu aikin ba su ɓoye wannan lissafi ba, abin yabo ne. Hukuncin irin wannan a ƙa'idar malamai auna maslaha da ɓarna ne, kuma amsar ba ɗaya ba ce a kowane hali. A zamanin Audubon babu na'urar da za ta kama tsuntsu yana tashi, yau akwai, don haka uzurinsa ya faɗi. Ƙanƙarar Paris ana iya kare ta da yawan waɗanda suka gani a daidai lokacin da ake yanke shawara. Abin da ba a iya karewa shi ne a mai da irin wannan al'ada, a riƙa almubazzaranci da sunan wa'azi a kan almubazzaranci.

Wasu masu fasahar sun kauce wa matsalar ta hanyar mai da aikin kansa gyara. A 1982 Bajamushe Joseph Beuys ya jibge dogayen duwatsu 7,000 a gaban gidan baje kolin Kassel, ya ce ba za a ɗauke kowane dutse ba sai an dasa itace a cikin birnin an kafa dutsen a gefensa. Da farko mutanen gari da yawa sun ji haushin tulin. A hankali ya riƙa raguwa, itatuwa na ƙaruwa a tituna. Beuys ya mutu a Janairun 1986, ɗansa ne ya dasa na ƙarshe a 1987. Salgado da matarsa Lélia Wanick Salgado, wadda ita ce ke tsara baje kolin hotunansa da littattafansa, sun kafa cibiyar Instituto Terra a 1998 a tsohuwar gonar iyayensa da ta ƙwaƙule a jihar Minas Gerais, an dasa itatuwa fiye da miliyan 2 a wurin, maɓuɓɓugai da tsuntsaye suka dawo. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa Musulmin da ya dasa itace, duk mutum ko tsuntsu ko dabbar da ta ci daga gare shi sadaka ce a gare shi, don haka irin wannan aiki ba ya bukatar doguwar hujja.

Ba kuma a ce kowane mai zane sai ya koma ma'aikacin gandun daji ba. El Anatsui, ɗan Gana da ya koyar a Jami'ar Nsukka tun daga 1975, yana tara murafun kwalaben da aka yar, ya ɗinke su da wayar tagulla su zama manyan mayafai masu ƙyalli. Otobong Nkanga, wadda aka haifa a Kano a 1974 kuma take zaune a Beljiyam, ta bi sawun ma'adinai har zuwa Tsumeb ta Namibiya, inda wani tudu mai arzikin tagulla ya koma rami, ta sa mai kallo ya tambayi daga ina ƙyallin kayan adonsa ya fito. Waɗannan ba su dasa daji ba, amma sun mayar da ido ga ƙasar da aka ɗebo abin daga cikinta.

Nauyi mafi girma, wanda kuma aka fi mantawa da shi, yana wuyan mai tsara baje koli. Shi ne ke zaɓar abin da za a gani da abin da za a bari a ɗakin ajiya, shi ke rubuta 'yan layukan da ke ƙarƙashin kowane hoto, shi ke jera wannan kusa da wancan har su faɗi maganar da ɗayansu bai faɗa shi kaɗai ba. Tabkin Chadi misali ne. An saba jera hoton tauraron ɗan'adam na shekarun 1960, lokacin da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, kusa da na shekarun 1980 bayan manyan fare-fare sun rage shi da kusan kashi 90 cikin 100. Hotunan biyu gaskiya ne. Amma bincike na baya-bayan nan ya nuna cewa tun daga shekarun 1990 tabkin bai ci gaba da raguwa haka ba, yana cika yana janyewa gwargwadon damina. Wanda ya tsaya a hotuna biyun nan ya sa mai kallo ya tafi da cewa tabkin na gab da ƙarewa, alhali babbar wahalar masunta da manoman bakinsa a yau ita ce rashin tabbas na ruwan da kuma rashin tsaro. Kyakkyawar niyya ba ta halatta wa mai shaida ya zaɓi abin da ya fi tsoratarwa ya bar abin da ya fi zama daidai, kuma ranar da aka gane ƙarin gishirin, har gaskiyar da ke ciki za a ƙi yarda da ita.

Kuɗin da ke riƙe da zauren ma yana cikin amanar. Gidan baje koli na Tate a Ingila ya karɓi tallafin kamfanin mai na BP tun daga 1990. Bayan fashewar rijiyar Deepwater Horizon a tekun Meziko a 2010, inda ma'aikata 11 suka mutu, wasu masu fasaha suka shiga zanga-zanga a cikin zaurukan gidan, a 2016 kuma aka sanar da ƙarshen tallafin, kamfanin yana cewa yanayin kasuwa ne ya sa. Gidajen baje koli na bukatar kuɗi, wannan gaskiya ne, ba kuma duk mai bayarwa ne ke neman rufe baki ba. Amma alƙali ba ya karɓar shaidar wanda ke cin abinci a hannun ɗaya daga masu shari'a ba tare da tuhuma ba. Mafi ƙarancin abin da ya wajaba shi ne a bayyana wa mai kallo wanda ya biya, kuma kada mai biya ya sa baki a abin da za a nuna.

Akwai hakkin waɗanda aka ɗauki hotonsu da hoton ƙasarsu. Yawancin manyan ayyukan da aka yi a kan ɓarnar muhallin Afirka a Kassel da Landan da Paris ake nuna su, a can ake sayar da su, bayanin da ke ƙarƙashinsu kuma da Turanci ko Faransanci ko Jamusanci. Masuncin da gidansa ke cikin hoton da makiyayin da aka ɗauka yana jan guga a busasshiyar rijiya ba kasafai suke ganin abin da aka yi da surarsu ba, ballantana a nemi ra'ayinsu, alhali su ne suka fi kowa sanin abin da ya sami wurin, su ne kuma za su zauna da sakamakonsa. Nunin da aka yi a kan wata ƙasa bai cika ba sai an nemi izinin mutanenta kafin a ɗauke su, an kai musu aikin garinsu, a makaranta ko kasuwa ko ƙofar fada, an kuma rubuta bayaninsa da harshen da suke ji.